Ni da Surukina a Gaban Talabijin

Ɗakinmu na unguwar Gubaira a birnin Riyad a saman wani shagon walda yake, mu uku a ciki. Ni ina aiki a shagon gyaran kujeru, layi biyu daga nan. Na biyu direba ne a wani ofishin jakadanci, kuma maƙwabcina ne tun daga gida. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a garinmu na ƙasar Kano. Na ukun mutumin Damagaram ne, tukwanen gas yake kaiwa gida-gida. Ya fi mu daɗewa a Riyad, Larabci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Tsakaninmu da Damagarawa akwai wasa, shi kuwa ba ya barin nasa ya kwana.

Ni da direban mun shekara shida muna ci a faranti ɗaya. Yana ce mini mai ƙusa, ina ce masa yaron Bature. Shi ya yi boko. Ni allo kaɗai na yi, shi ma ban yi nisa ba. Duk saƙon da ya shigo wayata a rubuce, shi nake miƙa wa ya karanta mini, har da wanda bai kamata wani ya gani ba.

Sai ɗansa na fari ya nemi yarinyar wajena, ita ma ta fari. Muna nan aka ɗaura auren, wakilai suka tsaya mana. Washegari na farka na ga mutumin nan ya sa riga da hula kafin ya gaishe ni. Ni ma na yi sauri na janyo tawa. Muka gaisa, muka tambayi gajiya, muka tambayi iyali, muka sake tambayar gajiya. Ya ce mini Alhaji, na ce masa Alhaji.

Badamagare yana kwance yana kallonmu. Ya ce, "Jiya kuna satar wa juna silifas, yau kuna neman durƙusa wa juna. Kanawa, Allah ya shirye ku."

Daga ranar ban sake miƙa masa wayata ba. Saƙon gida yanzu yana iya ɗauke da maganar gidansa. Wannan ne ya kai ni wajen wani ɗalibin jami'a da ke koya wa irinmu karatu a unguwar Shumaisi ranar Juma'a da safe. Ina da furfura a gemu na fara riƙe biro. Ƙusa ba ta taɓa ba ni wahalar da baƙaƙen nan suka ba ni ba, amma na yi ta zuwa.

Yarinyar nan tun da aka raɗa mata suna ban taɓa kiransa ba. Haka na taras iyayena suna yi da yayana. In ina son jin lafiyarta, sai in tambayi uwarta lafiyar kowa, har awaki, sannan in yi shiru. Uwar ta san shirun. Sai ta ce, "Mutanen bayan katanga ma lafiya lau." Surukina haka yake da nasa ɗan. In ya kama dole ya ambace shi, sai ya ce "yaron nan mai babbar mota", don yaron dakon kaya yake zuwa Legas, yakan yi mako uku bai kwana gida ba.

Bayan kusan shekara, mai ɗakina ta turo saƙon murya. Na fita matakala na kara wayar a kunne.

Ta ce, "Malam, ciki ya shiga wata na bakwai, lokacin goyon ciki ya yi. Na aika a faɗa musu ta dawo gida ta haihu a gabana. Uwar mijin ta ce wane irin goyon ciki, gidan da in an yi tari a nan ana ji a can? Ni kuma na ce ko ɗaki ɗaya muke, haihuwar fari a gaban uwa ake yi. Ni aka yi mini, ita ma aka yi mata."

Kwana biyu sai wani saƙon. An dawo da tuwon da ta aika, ko buɗe shi ba a yi ba. Bayan nan aka toshe makwararar da ke bi ta ƙarƙashin katanga daga gidana zuwa nasu, ruwan wanke-wanke ya kwanta a tsakar gida. Ita ma mai ɗakina ba ta zauna ba, ta kama kajinsu da suka tsallako ta rufe a akurki. Kullum da sabon abu. Ina tsaye a matakala ina saurare, sai in ga surukina yana saukowa daga rufin bene, shi ma waya a kunne. Mu sauke wayoyin mu gaisa. Lafiya lau, Alhaji. Iyali lafiya lau. Ya wuce, in wuce.

Ban san yadda ake fara maganar ba. Maganar ta 'ya'yanmu na fari ce, mu kuma surukai. Ko ta ina na juya ta, sai in ga bakina ba zai iya ɗaukarta ba.

Muna da wata tsohuwar talabijin da wani ya bari a shagonmu tare da kujerunsa bai dawo ɗauka ba. Wata Juma'a mun dawo masallaci, mun ci shinkafar kabsa, zafi ya hana kowa fita. Badamagare yana ta canza tasha, sai ya buga cinya.

Ya ce, "Ku tsaya! Wannan tsohon wasan ne. Duk ɗan garin nan ya haddace shi. Ku matso ku ga 'yan'uwanku."

Launin hoton ya koɗe, da gani an daɗe da yin sa. Dattawa biyu ne maƙwabta. Ɗaya ƙato mai jan ƙyalle a ka, ɗaya siriri mai fari. Larabcinsu da sauri yake fita, ba irin na shago da na saba da shi ba, don haka Badamagare ke juya mana. Ɗan ƙaton ne ke auren 'yar siririn. Akwai dabino a jikin katangar da ta raba su, gindin a gidan siriri, amma ya karkata, 'ya'yan suna zuba a gidan ƙato. Ƙato yana kwasa yana ci, har yana miƙa wa baƙi. Siriri ya leƙo ta saman katanga ya gani. Sai ga shi da tsani da zarto.

Nan aka fara. Ƙato ya riƙe ƙafar tsani yana girgizawa, siriri yana sama yana zage-zage, ƙyallen kansa ya faɗo a kan fuskar ƙato. Sai na ji mutane da yawa sun fashe da dariya. Na duba hoton, ban ga kowa ba sai su biyun.

Na ce, "Su wa ke dariya? Ina suke zaune?"

Badamagare ya ce, "Naɗar ta aka yi aka ajiye, kamar kiran sallar wayarka. In lokacinta ya yi sai a saki."

"To in ba a saki ba fa?"

"Sai ka yi da bakinka, ɗan Kano."

Ni ban ga abin dariya ba. Suruki ya kama wuyan rigar suruki, rana tsaka. Siriri yana cewa dabinona, gidana, 'yata. Ƙato yana cewa tsakar gidana, ɗana. Kowa yana ja wa kansa da baki buɗe. Har siririn ya ɗaga murya ya kira 'yar da sunanta, a gaban uban mijinta, ya ce ta fito su tafi.

Na ce, "Ita ce ta farinsa?"

Badamagare ya ce, "Wa ya tambaya? Nan ko ta fari ce sumbatar goshinta suke a kasuwa."

Yarinyar ta fito da akwati. Ta nufi ƙofar ubanta, mijin ya janye akwatin. Ta juyo, uban ya janye. Akwatin ya buɗe, kaya suka watse a titi, aka sake sakin dariyar nan. Ita kuwa tana tsaye tsakanin ƙofa biyu tana kallon wannan tana kallon wancan.

Sai surukina ya yi gyaran murya, idonsa a kan talabijin.

Ya ce, "Mai jan ƙyallen nan ba shi da gaskiya. Uban yaron. An ba ka 'yar mutane, sai ka ɗauka ka saye ta? Akwai lokacin da iyaye suka fi kowa iko da abinsu."

Na ji kamar ba da dabino yake ba. Amma ban tabbata ba, don fuskarsa ba ta juyo ba. In da dabino yake, shiru ya isa. In kuwa da ni yake, to ya ɗora wa gidansa laifi a gabana, kuma ba zai yiwu in bar shi ya ɗauka shi kaɗai ba.

Na ce, "A'a, Alhaji. Siririn ne bai kyauta ba. Wanda ya ba da 'ya ya bayar. Me ya kai shi leƙen katanga?"

"Alhaji, haƙƙinsa ne. Gidan yaron ne suka yi rashin ta-ido."

"Gidan yarinyar ne ba su da haƙuri, Alhaji. Musamman matan gidan."

"Ai ba a nuna matan gidan ba," in ji Badamagare.

Ba wanda ya kula shi. Surukina ya gyara zama ya ce in shi ne mai jan ƙyalle, da kansa zai ɗauki akwatin ya kai ta gidan ubanta. Na ce in ni ne siriri, ko ta zo ba zan buɗe ƙofa ba. Ya ce wannan zalunci ne. Na ce tarbiyya ce. Muryarsa ta hau, tawa ma ta hau. Shekara bakwai ban taɓa jin ya yi mini tsawa ba sai ranar, kuma a kan yana son a ba ni gaskiya.

Badamagare ya dafe kai. Ya ce, "Na cikin akwati kowa na kare gidansa, ku kowa na rushe nasa. Wallahi da masu wasan nan sun san da ku, da sun huta da rubutu."

Sai aka kira la'asar. Surukina ya miƙe ya kashe talabijin, yarinyar tana nan tsaye a titi. Muka sauka masallaci ba mu yi wa juna magana ba.

Da aka idar na zaga bayan masallaci na kira gida. Na ce wa mai ɗakina ta saki kajin mutane. Na ce maganar goyon ciki a bar ta, yarinya ta zauna a ɗakinta. Ko ta zo da kanta kada a buɗe mata, ban yarda ta taka gidana ba sai na ce.

Ta ce, "Malam, haihuwar fari ce fa."

Na ce, "Na gama magana. Kada ki sake tayar mini da ita."

Ta ce to. Na koma ɗaki raina a sake. A ganina na yi wa mutumin nan karar da ta dace da shi, ba tare da na buɗe baki a gabansa ba. Shi ma na ga ya shigo fuskarsa a sake, har ya zuba mini shayi. Na ɗauka ya huce ne kawai.

Asabar ba saƙo daga gida. Lahadi ma babu. Na ce lafiya ta samu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasan. Ina cusa soso a kujera ina tunanin yadda aka ƙare. Na ɗauka tunda an daɗe ana nuna shi, kuma manya na kallo, dole akwai wani dattijo da zai shigo a ƙarshe ya raba gardama, ya faɗi wanda ke da gaskiya. Ina son in ji ko ni ne na faɗi daidai ko surukina. Na tambayi Badamagare. Ya ce yana jin dabinon ne ya faɗo a kan motar ƙato. Da yamma ya ce a'a, wannan a wani ne, a nan 'yan sanda ne suka kwashe su biyun.

Sai na tambayi mudir, mai shagonmu, wani dattijo ɗan ƙasa. Ban gama kwatanta masa tsani da zarto ba ya fara dariya. Ya miƙe ya kama wata kujera yana girgizawa kamar ƙaton, yana maimaita maganarsu kalma bayan kalma, har tari ya sarƙe shi. Ya ce tun yana saurayi yake kallon wannan, 'ya'yansa ma sun haddace.

Na ce, "To ƙarshen fa? Wa aka ba gaskiya?"

Ya ce, "Wane ƙarshe, sadiƙ, abokina? Ba a ba kowa. Wani makon a kan akuya za su yi."

"Yarinyar fa? Wane gida ta shiga?"

Ya tsaya yana share hawayen dariya. Ya ce, "Wace yarinya?"

Na ce mai akwati. Ya ɗaga kai sama yana tunani, ya ce wallahi bai tuna ba. Ya ce yalla, maza aiki, kujerar nan yau za a zo ɗauka.

Na koma kan aikina ban gane komai ba. Mutum ya haddace zagin tsofaffi biyu, bai san inda yarinyar ta kwana ba.

Ranar Litinin an rufe shaguna don azahar, ina zaune a inuwar ƙofa, wayata ta yi ƙara. Saƙo ne a rubuce, daga lambar yarinyar. Ba ta taɓa turo mini komai ba. Ita ma ba ta iya yi mini doguwar magana baki da baki, shi ya sa ta rubuta. Ta ji wajen uwarta cewa ina koyo.

Na sa yatsa a ƙarƙashin kalmar farko. A lokacin sai na haɗa baƙi da baƙi a bakina kafin kalma ta fito. Gumi yana ɗiga a kan gilashin, ina gogewa da gefen riga ina komawa farkon layi. Har aka tayar da salla ban kai rabi ba. Na shiga na yi, ban san me liman ya karanta ba, na fito na ci gaba. Ga abin da ta rubuta:

"Baba ina wuni. Ranar Asabar Hajiya ta ce Alhaji ya bugo ya rantse sai na tafi gida, kada in sake kwana. Na zo Inna ta ce ka hana a buɗe mini. Na koma Hajiya ta ce ba za ta karya rantsuwar Alhaji ba. Shi yana Legas. Ina gidan tsohuwa mai ƙuli tun shekaranjiya. Ƙafafuna sun kumbura. Baba wane gida zan shiga."

Na karanta sau uku. Na yi fatan ko karatuna ne bai nuna ba, amma kalmomin ba su canza ba. Gidan mai ƙuli na san shi. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, hayaƙin suya daga safe har yamma, tabarma a ƙasa. Ashe sa'ad da nake bayan masallaci ina waya, surukina yana ta ɗaya gefen yana tasa.

Na roƙi mudir na tashi da wuri. Na zauna a ɗaki ina jira. Wajen ƙarfe biyar surukina ya shigo da rigar aikinsa, ko takalmi bai cire daidai ba. Da na ga fuskarsa na san shi ma labari ya same shi. Badamagare yana tsugune a lungu yana yanka albasa.

Muka gaisa. Ko a ranar sai da muka gaisa.

Ya ce, "Alhaji, na ji an sami kuskure a gida. Ka yi wa Allah ka ce a buɗe."

Na ce, "Alhaji, kai za ka ce a buɗe. Ɗakinta ne. Mu mun bayar."

"Al'ada ta ba ku. Iyalina ce ta yi rashin hankali, kuma na yi mata faɗa."

"Tawa ce ta fara. Ita ta kama kaji."

"An toshe muku makwarara, Alhaji!"

"Ruwanmu ne ya dame ku!"

Muna tsaye, yana nuna kansa da yatsa, ina nuna kaina. Ya ce ya riga ya rantse. Na ce ni ma na riga na yi magana. Ya ce ba zai yiwu a ce gidansa ya hana 'yar mutane zuwa gaban uwarta ba, da wane ido zai dubi jama'a. Na ce ni kuma da wane ido, a ce na sa an fito da 'ya daga ɗakin mijinta don tawa ce. Na lura wuƙar Badamagare ta daina motsi. Na jira ya jefo tasa, don a irin nan ba ya ƙyalewa. Bai ce komai ba. Bai ko ɗago kai ba.

Shirun nasa ne ya sa na ji muryoyinmu. Na duba agogon wayata. A gida yanzu la'asar ta kusa, tsohuwa ta ɗora kaskon yamma. Mu biyu muna nan muna ture yarinya, kowa yana tura wa ɗan'uwansa don girmamawa, ita kuma za ta kwana na uku a kan tabarma.

Na zauna a bakin katifa. Na auna abin yadda kaina ya iya. Duk wanda ya karɓe ta, shi ne ya kasa kara. Shi za a ce ya so nasa. Surukina ya rantse da Allah, ni magana kawai na yi. Kuma can ƙasan raina, tun saƙon farko na mai ɗakina, na san inda nake so yarinyar ta haihu. Ban taɓa bari na faɗa wa ko kaina ba.

Na ce, "Alhaji."

Ya ce, "Na'am."

Na ce, "'Yata ce. Ina son ta a gidana. Ta haihu a gaban uwarta."

Kalmar ta fito da nauyi, kamar ba da bakina aka yi ta ba. Surukina ya sunkuyar da kai yana kallon ledar ɗaki, shi ya ji kunyar a madadina. Ya ce, "To. Alhamdu lillahi." Ya nemi fita ya ba ni wuri, na ce ya zauna, abin da ya rage ba shi da yawa.

Na kira mai ɗakina. Na ce a je a taho da ita.

Ta ce, "Da wa?"

Na ce, "Kin sani."

Ta ce, "Ni an ce kada in sake tayar da magana. Kwana biyu ina kai mata abinci gidan mutane a ɓoye kamar ɓarauniya, ina kallon ƙafarta. Na ce ta zo mu shiga, ba wanda zai faɗa maka, ta ce ba za ta taka maganarka ba. Da bakinka ka hana, Malam. Da bakinka za ka kira ta."

Ta kashe.

Na daɗe ina kallon lambar yarinyar. Badamagare ya tashi ya ɗauki tukunyarsa ya fita matakala. Surukina ya juya fuska bango yana jan carbi. Na danna.

Ta ɗauka a bugu na farko. Na ji ƙarar mai a kasko a bayanta.

Ta ce, "Baba, ina wuni."

Na ce, "Lafiya lau. Ya jikin?"

Ban taɓa tambayarta wannan ba. Can ta ce, "Da sauƙi."

"Na ga saƙonki. Ni na karanta da kaina."

"To, Baba."

"Ki tashi ki tafi gida."

Ta ce a hankali, "Wanne?"

Na ce, "Namu. Wajen innarki. Yanzu. Kada ki ɗauki kaya, za a zo a ɗauka. Ki yi wa tsohuwa godiya, ki ce ina gaishe ta."

Ba ta kashe wayar ba, ni ma ban kashe ba. Ina jin ta tana sallama da tsohuwa, ina jin takunta a hankali, tana tsayawa tana numfashi. Wani mai babur ya wuce. Wata mata ta gaishe ta, ta amsa. Tafiyar da ba ta fi a ƙirga gida biyar ba, ta ɗauke ta lokaci mai tsawo. Sai na ji ƙarar ƙyauren gidana, wanda na yi shekara ina cewa in na je hutu zan sa masa mai. Na ji muryar uwarta tana cewa, "Sannu. A hankali da dokin ƙofa. Kawo hannunki." Daga nan layin ya yanke.

Bayan wata biyu ta sauka lafiya, a ɗakin uwarta, ta yi arba'in ɗinta a nan. Uwar mijin ba ta shigo barka ba sai ranar suna, kuma a tsaye ta yi ta.

Da na je hutu na taras maganar ta riga ni isa. Wani yayan mahaifina, tsoho ƙwarai, ya kira ni zaurensa. Ya ce ya ji abin da surukina ya yi, mutumin kirki, ya kori surukarsa zuwa gidan iyayenta don ya girmama mu. Ya ce ni kuwa ya ji na buɗe baki na ce ina son tawa, a gaban suruki, a ƙasar mutane. Ya tambaye ni ko zaman Makka ne ya cire mini kunya, don su duk ƙasar Makka suke ce mata. Na durƙusa ina sauraro. Na nemi abin da zan ce masa wanda zai gane, ban samu ba, don ni ma ban gama ganewa ba. Na ce a yi haƙuri, an yi kuskure. Ya ce kada a sake. Na ce to.